Ɗaukar Hoton Biran Daji Daga Kusa Yayin Tafiya: Tambayoyi da Amsoshi

Matafiyin da ya tsaya a sansanin Wikki na gandun dajin Yankari, ko alhajin da ya hau hanyar Ɗa'if daga Makka, da wuya ya wuce bai ga birai a gefen hanya ba, kuma da wuya ya gan su bai zaro waya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin wannan matafiyi ya kamata ya san amsarsu kafin ya matsa kusa da dabbar da ta fi shi sauri, ta fi shi sanin wurin, kuma ba ta san abin da yake nufi da baƙin abin da ya miƙo mata a fuska ba.

Shin akwai haɗari na gaske a kusantar biri, ko tsoratarwa ce kawai?

Akwai haɗari, kuma yawancinsa daga sabo yake zuwa. Birin da bai saba da mutane ba guduwa yake yi tun daga nesa. Jan biri na dajin Arewa, wanda gudunsa kan kai kilomita 55 a awa, ba ya ma bari a tsaya a yi masa kallon tsaf. Wanda ake jin tsoro shi ne birin da ya tashi a bakin otal ko wurin ajiye motoci, ya koyi cewa hannun mutum da jakarsa su ne rumbun abinci. Namijin gwaggon biri yana da fiƙoƙi masu tsawon da kan kai santimita 5, kuma ba shi kaɗai yake yawo ba: idan ɗan ƙarami ya yi ƙara saboda an matsa masa, manyan garken duka za su taso. Yawancin cizon da ake samu a wuraren yawon buɗe ido yana faruwa ne lokacin da mutum yake riƙe da abinci, ko yake ƙoƙarin taɓa biri, ko ya juya masa baya domin su fito a hoto tare.

Wane nisa ya kamata in bari tsakanina da su?

Mita 7 shi ne ma'aunin da masana birai na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, suka bayar a ƙa'idojin hotuna da suka fitar a 2021. Wannan ya kai kamar tsawon ƙananan motoci biyu da aka jera, kaɗan ya rage. A wuraren kallon gorila na Ruwanda da Uganda ma da mita 7 aka daɗe ana aiki, har aka ƙara shi zuwa 10 bayan ɓullar korona. Idan wurin da ka je yana da tasa dokar, ita za ka bi, kuma idan biri da kansa ya taho wurinka, kai ne za ka ja da baya a hankali, domin shi ba ya karanta allon gargaɗi.

To idan ba zan matsa ba, ta yaya zan sami hoton da fuskar biri ta cika shi?

Kusan duk hotunan da ake gani a mujallu, waɗanda har gashin gira da ƙwayar idon biri suke fitowa, daga nesa aka ɗauke su da gilashin kyamara mai jawo nesa kusa. Gilashi mai tsawon milimita 200 ya isa ga biran da suka saba da mutane, amma ga na cikin kurmi masu zama a saman bishiya sai an kai milimita 300 ko 400. Daga mita 7 zuwa 10, irin wannan gilashi yana cika hoto da kai da kafaɗun gwaggon biri, kuma yana narkar da abin da ke bayansa ya zama launi mai laushi, abin da ba a samu idan an tura waya daf da hancinsa. Hoton da aka ɗauka daf da fuska ma kumbura hanci yake yi, ya ƙanƙance kunnuwa, dabbar ta fito ba da kamanninta ba.

Mai waya kaɗai ba a bar shi a baya ba, amma ya kamata ya san bambanci tsakanin zuƙowar da gilashin wayar yake yi da kansa, wato ninki biyu ko uku ko biyar a wayoyi masu ido da yawa, da zuƙowar da manhaja take yi ta hanyar buɗa hoton har ya dushe. Ka tsaya a kan iyakar gilashin, ka ɗauki hoton da faɗinsa, daga baya ka yanke gefe. Sau da yawa ma hoton da ya nuna biri a kan reshen tsamiya, da garkensa a bayansa, ya fi wanda fuska ce kawai a ciki ba da labari.

Biri ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka saurin ƙiftawar kyamara ya kamata ya kai kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ko cikin 1000 idan yara ne suke tsalle. A cikin kurmi mai duhu wannan yana nufin ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take karɓar haske, kuma hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi wanda ya girgiza. A saita kaifin hoton a kan idon da ya fi kusa da kyamara, domin idan ido ya fito sarai mai kallo yana yafe sauran. Sannan a sauko daidai tsayin dabbar: hoton da aka ɗauka a tsaye, ana kallon biri daga sama, yana mai da shi abin tausayi, amma wanda aka ɗauka a tsugunne yana ba shi kwarjininsa. Sai dai tsugunnawar ta zama daga nesa, kuma da wani a tsaye a bayanka yana lura da sauran garken.

Abin da ya fi duk waɗannan, a ganina, shi ne zama. Wanda ya sami gindin bishiya ya zauna shiru na rabin awa zai ga garken ya manta da shi, uwa ta koma tsefe gashin ɗanta, samari sun koma kokawa, tsohon namiji ya miƙe ƙafa yana gyangyaɗi. Waɗannan su ne hotunan da ake ajiyewa. A tsaunukan Simiyen na Habasha, biran gelada masu jan tabo a ƙirji, waɗanda ciyawa ce abincinsu, sukan ci gaba da kiwo a kewayen mutumin da ya zauna bai motsa ba, ba tare da an ba su ko ƙwayar gyaɗa ba.

Mene ne laifin ba su ayaba ko biskit domin su tsaya a ɗauke su?

Laifin yana da yawa, kuma mai bayarwa ba ya ganinsa domin kafin ya bayyana ya riga ya koma gida. Birin da aka ba abinci yau, gobe zai nema. Idan aka hana shi zai fizge, idan aka riƙe zai ciza, kuma wanda zai ciza ɗin mai yiwuwa yaro ne da ya zo da gurasa a hannu bai san komai ba. Daga nan sai garken ya shiga ɗakuna da gonaki da shaguna, mutanen gari su gaji, ƙarshenta a sa guba ko tarko ko bindiga. Ayabar da aka miƙa don hoto ɗaya tana cikin sarƙar da take kaiwa ga wannan.

Akwai kuma illa ga lafiyarsu. Biskit da lemon kwalba da soyayyen abinci suna sa su ƙiba da ruɓewar haƙora, kuma tara su a wuri ɗaya a kan abinci yana haddasa faɗa tsakaninsu, manya su danne ƙanana. Abincin da ake jefawa daga mota shi ne yake koya musu zama a kan kwalta, inda motoci suke take su.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wurin bautar Uluwatu a tsibirin Bali na Indunusiya, inda biran makak masu dogon wutsiya suka koyi sace tabarau da wayoyi da huluna, su riƙe har sai an fanshe su da abinci, kuma masu bincike sun lura cewa manyansu sun san waya ta fi hula daraja, suna neman fansa gwargwadon haka. A Jibralta, inda biran makak na Barbari suke zaune a kan dutse, ciyar da su laifi ne da tararsa kan kai fam 4,000. Akwai wurare, kamar Tafi Atome a yankin Bolta na Gana, da ɗan jagora da kansa yake miƙa wa baƙo ayaba. Mutanen garin suna da dalilinsu da tsarinsu, kuma kuɗin shiga yana taimaka musu wajen kare dajin, amma baƙo yana da damar ya ce shi kallo da hoto kawai ya zo yi.

Ta yaya zan gane cewa biri ya fara jin haushina?

A nan ne mutane suke yi wa rogo kallon kitse. Idan biri ya yaye leɓɓansa haƙora suka fito, mai hoto sai ya ce murmushi yake yi, alhali a wurin yawancin birai wannan alamar tsoro ce ko miƙa wuya, kuma dabbar da ta tsorata ta rasa hanyar gudu ita ce mai cizo. Hamma mai faɗi da namijin gwaggon biri yake yi yana kallonka nuna makami ce. Ɗaga gira har farin fatar ido ya bayyana, zura ido ba ƙiftawa, buɗe baki kamar zai ce "o", dukan ƙasa da hannu, girgiza reshe, da ɗan zabura gaba a tsaya, duk gargaɗi ne. Taɓe leɓɓa da sauri-sauri kuwa yawanci alamar zaman lafiya ce.

Kai ma jikinka magana yake yi. Kallon ido cikin ido ƙalubale ne a wurinsu, dariya da haƙora a waje tana iya rikita su, kuma babban gilashin kyamara da aka kafa musu yana kama da ƙaton ido, wani lokaci ma su hango kansu a ciki su ɗauka abokin gaba ne. Idan ka ga gargaɗi, ka sauke kyamara, ka kawar da kai gefe, ka ja da baya ba tare da gudu ko ihu ba. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma kada ka tsaya a hanyar da garken yake bi.

Idan ya fizge mini waya ko jaka fa?

Ka sake masa. Jan kaya da biri shi ne hanya mafi sauri ta samun cizo, kuma babu wayar da ta kai yatsa daraja. Ka kira ma'aikacin wurin, domin sun san garken kuma sun san yadda ake karɓo kaya. Sau da yawa ma biri yana yar da abin idan ya ga ba na ci ba ne. Rigakafin shi ne a rataya kyamara a wuya, a sa tabarau da ɗan kunne da carbi a aljihu mai zif, a bar leda a mota domin ƙararta kaɗai tana kiransu, a kuma ɗaga gilashin mota a kulle ƙofar ɗaki. Baƙin Yankari sun san cewa gwaggon biri na sansanin Wikki yana shiga ɗakin da aka bari a buɗe.

Me zan yi idan ya cije ni ko ya yakushe ni?

Ka wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, ba tare da gajartawa ba, sannan ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka tafi asibiti a ranar ko da raunin ƙarami ne. Kada a tsaya shafa toka ko man gargajiya ko a ɗaure da tsumma. Likita zai duba batun allurar ciwon haukan kare, wanda idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tsira, da allurar tetanus, da maganin ruɓewar rauni.

Wanda ya je Asiya yana da ƙarin abin lura. Biran makak na can suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira B, wadda su ba ta cika damunsu ba, amma idan ta shiga mutum tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta yi kisa. Kamuwa da ita ba ta da yawa, amma a 2024 an tabbatar da ita a jikin wani mutum a Hong Kong bayan birai sun ji masa rauni a wani wurin shaƙatawa na daji. Tana iya shiga ta yawu ko fitsarin da ya fantsama a ido ko baki, don haka a gaya wa likita ƙasar da abin ya faru da irin birin. A nan hoton da ka ɗauka yana da amfani, domin zai nuna masa jinsin.

Mu ma muna iya sa musu cuta?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan shi ne ɓangaren da matafiya suka fi mantawa. Jikinsu ya yi kusa da namu har mura da tari da ƙyanda da tarin fuka suna iya tsallakawa daga gare mu zuwa gare su, kuma abin da yake kwantar da mutum kwana biyu yana iya kashe cimfanzi ko gorila. Shi ya sa ake sa takunkumin fuska a wuraren kallonsu, ake kuma hana mai mura shiga. Mai tari ya haƙura da ziyarar ranar, kuma kada a bar ragowar abinci ko kwalbar da aka sha a daji.

Ina ne matafiyi daga ƙasar Hausa zai fi samun damar wannan hoto?

Mafi kusa shi ne Yankari a jihar Bauchi, inda gwaggon biri yake yawo a cikin sansani da kewayen maɓuɓɓugar Wikki mai ruwan ɗumi, ana kuma ganin jan biri da kirka idan an shiga daji da mota. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe dabbobi sun taru kusa da kogin Gaji, gani ya fi sauƙi. Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda shi ne gandun dajin ƙasa mafi girma a Nijeriya, yana da biri baƙi da fari mai dogon gashi da kuma cimfanzi, amma can tafiyar ƙafa ce da ɗan jagora, kuma ya kamata a tuntuɓi hukumar gandun a kan yanayin hanya da tsaro kafin a tashi. A Legas akwai cibiyar kare daji ta Lekki, mai gadar igiya ta saman bishiyoyi da tsawonta ya kai mita 401, inda biran mona suke zuwa kusa ƙwarai, har sun saba da ledar baƙi.

A Gana, ƙauyukan Boabeng da Fiema da ke kusa da Nkoranza sun daɗe suna ɗaukar biransu da tsarki bisa al'adarsu, har suna da maƙabartar da ake binne su. Baƙo a can yana cikin garin mutane ne, saboda haka ya nemi izini kafin ya ɗauki mutum ko wurin al'ada. Alhazai da masu Umara kuwa sukan haɗu da gwaggon biri mai farin gashin kafaɗa a hanyar Hada da ke hawa Ɗa'if, da kuma kan duwatsun kewayen Makka. Waɗannan sun saba da abincin da ake jefa musu daga mota, don haka hoto daga cikin mota, gilashin taga a ɗan sauke, shi ya fi.

Wane lokaci ne haske ya fi kyau, kuma ana iya amfani da filasha?

Awa biyu na farkon safiya da na kafin faɗuwar rana, lokacin da birai suke kiwo kuma haske yake shiga idonsu daga gefe. Da tsakar rana girarsu tana jefa inuwa ta rufe ido, su ma suna kwance a inuwa. Hazon hunturu yana dusashe abin da ke nesa, amma yana tausasa haske a kan abin da ke kusa. Sai dai a kiyaye ƙura, kada a riƙa sauya gilashi a fili. Filasha kuwa a kashe ta, a kashe ƙarar maɓallin waya, kuma kada a tashi ƙaramin jirgi maras matuƙi a kan garke, domin yana firgita su kamar shaho, ga shi yawancin gandun daji ba sa yarda da shi sai da izini.

Na ga ana ɗora wa mutane biri a kafaɗa a ɗauke su hoto a biya. Wannan fa?

Ina roƙon kada a yi. A dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh a Maroko, biran da ake riƙe da sarƙa domin hoto makak ne na Barbari, jinsin da yake cikin haɗarin ƙarewa, wanda tun 2016 aka sa shi a rukunin da yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta fi tsananta hana cinikinsa. Irin waɗannan ana kamo su ne suna jarirai daga dazukan tsaunin Atlas, kuma uwar biri ba ta sakin ɗanta da daɗi. Idan suka girma suka fara cizo sai a yar da su ko a kulle, a kamo wasu. Mu ma mun san wannan a gida, domin wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga masu wasa da biri a kasuwa, igiya a ƙugu, an sa masa 'yar riga yana tsalle da bulala a gefe. Kuɗin da aka biya don hoto shi ne yake sa a koma daji a kamo na gaba. Wanda yake son makak na Barbari a Maroko ya je dajin da ke kewayen Azru da Ifran, ya gan su a kan bishiyoyinsu.

Idan biri ya danna kyamarata ya ɗauki kansa, hoton na wane ne?

An taɓa yin shari'a a kan wannan. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, David Slater, ya je tsibirin Sulawesi na Indunusiya, inda baƙaƙen makak masu tukku suka danna kyamararsa, aka sami hoton da ya zagaya duniya a 2011. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana a 2014 cewa ba ya rajistar abin da ba mutum ne ya samar da shi ba. A 2015 ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta kai ƙara da sunan birin, kuma a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce dabba ba ta da hurumin kai ƙara a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka. Kada wannan labari ya sa wani ya miƙa wa garke kyamararsa, domin abin da biri ya lasa ya taɓa, fuskarka za ka mayar da shi.

Akwai abin lura wajen sa hoton a Facebook ko Instagram?

Akwai. Hoton mutum rungume da biri, ko yana ba shi abinci a baki, yana sa masu kallo su ɗauka cewa dabbar ta gida ce, wasu ma su shiga neman na sayarwa, kuma wannan ne dalilin da ya sa masana suka nemi a daina yaɗa irinsa ko da mai hoton ma'aikacin kula da dabbobi ne. Idan kana so ka fito a hoton, ka tsaya yadda tazarar da ke tsakaninku za ta bayyana, da kyamara ko madubin hangen nesa a hannunka. A rubutun da ke ƙasa ka faɗi sunan jinsin da gandun dajin, ka ambaci cewa da gilashi mai jawowa aka ɗauka, domin wanda zai je bayanka ya san ba da ƙafa aka matsa ba. Idan kuwa jinsin da mafarauta suke nema ne, kamar cimfanzi, kuma a wajen gandun da ake tsaro ka gan shi, ka cire bayanin wuri da waya take liƙawa a jikin hoto kafin ka tura shi.